Rantsuwar Baffanki da Gadar Laos

Bismillahi. Daga ni babanki Sale, wanda duk Sana'iyyar Jidda, unguwar masana'antu, ta sani da Yariman Walda, zuwa ga uwata Zulaiha, bashmuhandisa, wato injiniya, ta farko a zuriyarmu tun daga bakin Nilu har bakin Bahar Maliya.

Assalamu alaikum. Ina gaida ki gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya a Riyad kuma masu takardu basu wahal dake ba. Allah ya tsare min ke a zaune da a tafe. Innarki na gaida ki, ƙannenki ma haka, sun riga sun fara faɗa akan ɗakinki tun baki tafi ba.

Kiyi haƙuri da rubutun. Kinsan bokon babanki a bakin taga yayi shi, inda kikaga harafi ya kwanta ki tada shi da kanki. Da Hausa na rubuta da gangan, dan in Larabci ne da gudu zaki karanta kamar takardar kamfani, Hausa kuwa dole ki bi a hankali kina motsa baki.

To uwata, maganar da kika faɗa min a waya bata min daɗi ba. Wai in tafiyarki Laos zata raba ni da Yaya Maina, gara ki fasa. Eh, baffanki ya rantse, kina wurin. Yace wallahi in na bar ɗiyar gidan sarauta ta tafi ƙasar shuyu'iyyai 'yan gurguzu tana yawo cikin leburori da hular kwano, ƙafarsa bazata ƙara taka gidana ba. Ni kuma shi kaɗai ya rage min a duniya wanda muka fito gida ɗaya. Duk na sani. Amma na riga na danna miki huruj, izinin fita ƙasa, a waya, halas, gadar nan ke zaki gina ta. Zancen baffanki yana ƙarshen takarda, kar ki tsallaka, na sanki. Ki bari in fara baki abinda na tara, dan ni mutum ne da yayi kurakurai masu kyau, irin waɗanda ba kowa ke samu ba.

Kina mamaki ranar da kika ambaci Laos ban tambaye ki ina ne ba. Ai na riga ki zuwa, da kunne. Lokacin da na sauka Jidda ina saurayi, Yaya ya samar min kafili, wato ubangidan da zai tsaya min, a masana'antar ƙofofin ƙarfe. A can na haɗu da wani mai walda ana ce masa Bunmi. Da naji sunan na tafi da murna na ɗauka Bayerabe ne, sai na tarar da wani gajere mai ƙananan ido yana murmushi. Mutumin Laos ne, ya tsallaka kogi ya shiga Tailan, daga can ya biyo 'yan kwangila. Shi ya koya min walda, duk da daga baya na fi shi, kowa ya shaida.

Kuskurena na farko, ranar farko nayi shi, ban ɓata lokaci ba. Aka miƙo min kayan aiki, afarol shuɗi duk maiƙo. Nace musu ni jikan sarki ne, kakana da yayi hijira zuwa gabas mutane ne suka bi bayan dokinsa, ba'a ganina da kayan makanike. Na shiga aiki da farar jallabiya ta Sudan mai faɗin hannu, ga rawani. Uwata, nayi kyau ranar. Har injin huda ƙarfe ma ya gani yana so. Ya kama hannun rigar ya fara naɗewa, kafin a kashe wuta ya tuɓe ni tas, ya barni da gajeren wando da rawani a gaban Indiyawa da Yamalawa da Filifinawa. Allah ne ya sa yadin mai araha ne ya yage, da hannuna ya tafi dashi.

Bunmi ne ya miƙo min afarol ɗin, baiyi dariya ba sai da na saka. Yace, "Sadik, kai ɗan sarki?" Sadik ɗin aboki kenan a Larabcinsa.

Nace ƙwarai.

Yace, "Mu ma muna da ɗaya. Namu yana sa wando."

A nan na fara jin labarin takwarana, Yariman ƙasarsu. Ubansa shine na biyu ga sarki a tsohon birninsu na bakin kogi, uwarsa kuwa ba jinin sarauta bace, talaka ce. Aka tura shi Faransa yayi karatun hanya da gada, irin naki sak. Ya dawo yana auna ƙasa cikin taɓo tare da leburori, ya auri mutuniyar Biyetnam ba 'yar fada ba, ƙarshe ya bar gidan ubansa ya shiga daji da 'yan gurguzu suna yaƙin korar Turawa. Da ake ruwan bama-bamai cikin kogon dutse ya zauna da mutanensa. Wanda aka haifa a fada fa.

To shawara ta farko. Duk abinda masu aikin suka ce a saka, ki saka. Hular kwano, takalmin ƙarfe, igiyar ɗaure ƙugu in zaki hau sama. Ki ɗaure mayafinki tamau ki tura bakinsa cikin riga, kar ki bar komai yana lilo kusa da inji. Inji bai san kakan kowa ba. Na tambaye shi da kaina.

Kuskure na biyu ya fi na farko girma, dan ni in zanyi abu bana yin ƙarami. Na sa afarol amma ban sauke rawanin dake cikin kaina ba. Lokacin cin rana ma'aikata sukan shimfiɗa kwali a inuwar sito, kowa ya buɗe abinda ya kawo a haɗa. Ni kuwa sai in ja gefe bayan tarin ƙarfe in ci ni kaɗai, dan a gidanmu an koya mana ɗan sarki baya cin abinci a gaban mutane. Suka kira ni suka gaji suka bari.

Ana nan zafi ya shigo, irin zafin Jidda mai ruwa-ruwa da kika sani, barrada, injin sanyaya mana ruwan sha, ta lalace. Aka gaya wa mushrif mai kula damu yace bukra, wato gobe, aka sake gaya masa yace bukra inshallah. Muna shan ruwa kamar shayi ba ganye. Ni kuma labarin takwarana ya riga ya hau min kai. Nace ai ga dama ta samu, ɗan sarki zai jagoranci talakawa. Na hau kan durom nayi musu jawabi da Larabci da Hausa da hannu. Nace duk mu tafi ofishin mudir, shugaban masana'antar, yanzu, ni a gaba. Suka gyaɗa kai. Na taka har bene ina jin ƙafafu a bayana, na tura ƙofa, nace ya mudir, ni da jama'ata mun zo.

Mudir ya ɗago ya leƙa bayana yace, "Fen jama'a? Ina suke?"

Na juya. Bunmi ne kaɗai, shima yana riƙe da hularsa yana kallon silin. Ƙafafun da naji na masu zuwa banɗaki ne.

Mudir mutumin kirki ne, dariya yayi har ya share hawaye, ya sa aka gyara barradar saboda nishaɗin da na bashi. Kinga dai a ƙarshe ni na samo musu ruwan sanyi, wannan tarihi bazai manta ba. Amma da muna saukowa na tambayi Bunmi me ya hana su biyo ni, alhali nasu Yariman har daji aka bi shi. Yace, "Sadik, namu yana cin shinkafa a kwando ɗaya damu. Kai basu taɓa ganin bakinka yana motsi ba sai da surutu."

Washegari na ɗauki kwanon asidata, tuwonmu na Sudan, na zauna a kan kwalin. Bunmi ya buɗe wani ɗan kwando mai murfi, shinkafa ce mai danƙo, ya gutsura ya mulmula da yatsu ya dangwala a yaji. Nace kai, ashe ku ma 'yan tuwo ne. Tun daga ranar duk wanda iƙamarsa, takardar zama, ta samu matsala ko kafili ya riƙe masa fasfo, wurina yake zuwa in raka shi, kuma in na juya ina ganin mutane.

Saboda haka uwata, ke da zaki je a matsayin babba, kar ki ci abincinki a mota da gilas a rufe. Ki zauna inda matan wurin ke zama. Ki tambaya da ladabi abinda ke cikin miya, dan suna cin alade kuma suna da giyar shinkafa, in kika ce addininki ya hana bazasu ji haushi ba, Bunmi bai taɓa ji ba. Kifi da ganye da shinkafar kwando sun ishe ki. Ki kai musu dabino. Ki koyi yarensu ko na gaisuwa ne. Takwarana ance harsuna da yawa yake ji, har da aka kulle shi a kurkuku bai fasa ƙofa ba, hira ya dinga yi da masu gadinsa har suka buɗe suka gudu tare dashi cikin damina. Baki kenan. Wannan kam kin gada, dan ni da aka kulle ni da har shugaban gidan yarin zamu tafi.

Sallarki kuma ki riƙe ta. Can ba kiran salla zaki dinga ji ta kowace kusurwa ba kamar unguwarmu Sa'alaba, ke zaki zama ladanin kanki. Kar ki shiga gardamar siyasa ko ta addini da kowa, gada aka kira ki ki gina.

Kar kuma kiji ina yabon mutumin nan ki ɗauka waliyyi ne. Wata rana na cika baki a gaban Bunmi nace da ni ɗan Laos ne da ina bayan Yarima har ƙarshe. Ya ajiye abin waldarsa ya ɗaga gilashin fuska. Yace to me kake tsammani ya sa na tsallaka kogi. Da su Yarima suka ci nasara aka soke sarautar gaba ɗaya, Yariman ya zama shugaban ƙasa, sarkin kuwa, wanda danginsa ne, aka kwashe shi da iyalinsa zuwa wani sansani a daji basu dawo ba. Yayan Bunmi ɗan sanda ne ƙarami a tsohuwar gwamnati, shima aka tafi dashi wai za'a sake masa tarbiyya. Bunmi yace, "Ina sonsa saboda kwandon, ina jin haushinsa saboda yayana. Duka biyun suna nan," ya dafa ƙirji. Ranar na koyi rufe baki, na kusa awa guda ban ce komai ba, abokan aiki har suka tambaya ko bani da lafiya. In kinje, kiji labarin mutane kafin ki yabi wanda hotonsa ke bango.

Amma akwai abu ɗaya da Bunmi yace ko maƙiyan Yariman sun yarda dashi. Yana da wa, 'yan uba ne, shi wan ɗan matar fada. Wan ne firayim minista a birni lokacin da ƙanin ke daji, sojan wannan na harbin sojan wancan. Duk da haka in an zauna sulhu su biyun ake samu a tebur, har gwamnati sun haɗa tare, ta rushe, suka sake haɗawa. Da ƙanin ya hau mulki, wan bai gudu ba kuma ba'a taɓa shi ba, a gidansa ya tsufa ya mutu. Mutanen da aka yi yaƙi tsakaninsu kenan. Ni da Yaya Maina me ya haɗa mu, hular kwano.

Nan ne kuskurena na ƙarshe, sabo fil, na ranar Juma'ar nan. Kinsan Yaya shi ya ɗauko ni daga Sudan, shi ya aurar dani, shi ya raɗa miki suna. Da ya fara faɗa tsoro ne ke cinsa ba mugunta ba, da na ja shi ɗaki mu biyu da an gama. Amma da ya rantse a gaban surukai da yara, bakina ya riga hankalina. Kinji abinda nace. Nace to Yaya, sai mu shimfiɗa maka tabarma a bakin ƙofa ana miƙo maka shayi ta taga. Kowa yayi dariya, har Innarki ta shige kicin tana toshe baki. Dariyar nan ce ta ɗaure rantsuwar, ba wallahin ba. Maganar tayi daɗi, ban musa ba, cikin mafi kyau da na taɓa yi ce. Amma ki riƙe wannan. Babba in yayi kuskure a gaban jama'a, kar ki sa a yi masa dariya. Ki bar masa ƙofar da zai fita da girmansa. A wurin aikinki zaki haɗu da tsofaffin da suka fi ki shekaru kuma ke ce shugabarsu, ki gyara musu a gefe.

To ga abinda kike jira.

Jiya bayan azahar na tafi kasuwar Bab Makka. Kafin nan na biya wurin limamin unguwarmu na tambaye shi, mutum ya rantse zai yanke zumunci, ya zaiyi. Yace ya karya rantsuwar ya fi alheri, sai yayi kaffara, ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar dasu. Nace wani zai iya yi masa a ɓoye. Yace a'a, sai da niyyarsa. Nace to niyyar ma zan kai masa har shago.

Kinsan masu baro da ke zama a bakin ƙofar kasuwa suna jiran a kira su dako, wasu tun safe basu samu ko ɗaya ba. Na tattara su, nace kuzo ana sadaka a shagon Maina mai yadi. Na jera su a gaban shagon, na shiga nayi sallama. Yaya yana auna wa wata Hajiya yadi, ya amsa ba tare da ya kalle ni ba. Sai da ta tafi na durƙusa, da gaske na durƙusa, gwiwar nan tawa mai ciwo har ƙara tayi.

Nace, "Yaya, maganar tabarma ban kyauta ba, ka yafe min."

Yace, "Ka fasa tura ta?"

Nace, "Ban fasa ba."

Yace, "To me ya kawo ka."

Nace, "Ba ni kaɗai nazo ba, ka leƙa."

Ya leƙa ya gansu a tsaye da barorinsu. Yace su waye waɗannan. Nace kaffararka ce Yaya, na kawo maka ita da ƙafarta, ga mai shinkafar ruz bukhari can a tsallake, kai dai niyya kawai zakayi. Uwata, da kinga fuskarsa. Ya ɗauki sandar awon yadi, na ɗauka a kaina zata sauka, na fara karanto abinda na iya. Yace, "Sale, kai tun kana yaro ba'a taɓa yin abin kirki da kai a wurin ba." Nace haka ne Yaya. Yace, "Yarinya mace, ƙasar da ba dangi, ba masallaci a kusa, in ta kwanta ciwo wa zai kai mata ruwa." Muryarsa ta sauka a nan. Nace Allah da ya kawo kakanmu daga yamma a ƙafa, ya kawo ka Jidda a jirgin ruwa ba ka san kowa ba, shi zai kai mata. Ya dinga juya sandar.

Can sai naga ya fito bakin shago yana nuna su da sandar ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Ya juyo yace, "Tara ne."

Gaskiya tara na samu, sauran sun tafi dako. Nayi sauri na zauna a ƙarshen layi na miƙa hannu nace ga na goma.

Yace, "Kai ba miskini bane, wawa ne. Mai gida da albashi, kuma ƙanina, bata halatta. Tashi kar ka ɓata min kaffara."

Ya gyara hularsa, ya bar ni da shagon, ya shiga cikin kasuwa da kansa cikin ranar nan, mutumin da ko ruwa aiko masa ake. Na hango shi yana tsayawa wurin wannan yana tambayar wancan, har ya dawo riƙe da hannun wani tsoho mai sayar da asuwaki. Ya zaunar dasu a inuwar rumfarsa, ya tsallaka wurin mai shinkafa, ya tsaya a kansu har kowa ya ƙoshi. Ni ko loma bai bari na taɓa ba.

Da zan tafi yace in gaya miki har yanzu bai yarda da tafiyar ba kuma bazai yarda ba, amma ranar Alhamis bayan la'asar zai zo gida ya sa miki albarka.

Saboda haka ki gama da takardunki ki dawo kafin Alhamis. In ya shigo ki durƙusa ki gaida shi da Hausa, ko ta karye ki ƙarasa. Shayinsa ba sukari. Zaiyi faɗa, zai ce shuyu'iyyai, zai ce a zamaninsu, ki ce to Baffa. Kar ki ɗauko waya ki nuna masa taswira. Ni kuma na yiwa Innarki alkawari bazan buɗe baki ba har ya tafi, ki taya ni da addu'a dan wannan ya fi gina gada wuya.

Allah ya kai ki lafiya ya dawo min dake lafiya. Allah ya tsare ki daga sharrin ruwa da ƙarfe da mutum, ya haɗa ki da masu tausayi a inda baki san kowa ba, ya sa duk wanda ya taka gadarki ya isa gidansa. Na yafe miki duniya da lahira, uwata.

Naki, babanki,
Sale Yariman Walda, Sa'alaba, Jidda.